Ba a Ƙirga Yara a Gidan Alhaja

Ni na kai shi gidan, wannan ne abin da har yau yake tsaya min a wuya. Da ƙafata na taka har Rijiyar Lemo, na same shi a ƙofar gidansu yana gyaran akurkin tantabaru, na ce, "Tashi bawana, na samo maka aikin da ba a ɗaukar buhu." Ɗan gwaggona ne. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, ka ga ke nan bawana ne tun ran suna, kuma bai taɓa musu ba. In na ce bawana, sai ya ce, "Na'am ubangida," ya ci gaba da abin da yake yi a hankali, kamar an yi masa alkawari duniya ba za ta tashi ba sai ya gama.

Shekarun nan ne da kuɗin mai ya shigo gari kowa ya haukace da saye-saye. Wanda babu lantarki a gidansa ma ya sayi fanka ya ajiye, ko Allah zai kawo wuta. Mata suka shiga aikin banki da gidan waya da asibiti, 'yan aikin gida kuma suka watse, kowacce ta ji ana ɗaukar ma'aikata a kamfanin alewa ko masaƙa. Sai ka ga uwa da jaka a hannu da yaro a baya, babu inda za ta ajiye shi. Alhaja ta hango wannan kafin kowa. Bayarabiya ce, amma a Kano aka binne cibiyarta, in tana zuba karin magana ni ma sai na nemi fassara. Tana da shagon kwanuka a Kasuwar Sabon Gari, tana da gida a bakin Fagge mai tsakar gida da rijiya, da darbejiya a ƙofa. Ta share ɗakuna, ta shimfiɗa tabarmi, ta ɗauki wata Inna don girki da jarirai, ta ɗauke ni don masu gudu.

Ni da makaranta mun rabu a aji shida, rabuwar arziki, ba wanda ya bi wani da kuka. Amma yara kam Allah ya ba ni. Aikina in tsaya a ƙofa da safe in karɓi yaro daga hannun uwarsa, kafin ya gama buɗe baki zai yi kuka na riga na yi masa kukan jaki, ko muryar direban tasi yana rantse wa ɗan sanda. Sai yaron ya manta abin da ya buɗe bakin zai yi. Duk gidan Yaya suke ce min. Har waƙa na ƙirƙira musu, ta jirgin ƙasa, kowa ya kama rigar na gabansa muna zagaya rijiya, a baitin ƙarshe jirgi ya yi atishawa kowa ya zube ƙasa ana dariya. Yaron da ya wuni yana kiran uwarsa ma, in aka zo atishawar nan sai ya yi shiru yana jira.

Da yara suka yi yawa Alhaja ta ce in nemo wani mai hankali ya taya mu. Na ce ai ina da bawa yana zaune. Shi ke nan aka ba shi shara da jan ruwa da wanke fo. Yara ko kallonsa ba sa yi. In suna son ruwa sai su ce, "Yaya, ka ce wa wancan."

Haka muke zaune lafiya har duba-gari ya zo.

Ya shigo da kakinsa da ya sha sitaci, da ɗan ludayinsa na leƙa randa. Ya leƙa rijiya ya ga babu murfi. Ya ɗaga wata kwalbar lemo a bakin taga ya shinshina, kananzir ne. Ya dubi rishon Inna ya dubi tabarmar jarirai, tsakaninsu bai kai tsawon muciya ba. Bai yi faɗa ba. Ya zauna a kujera ya ce wa Alhaja, "Hajiya, yanzu ba kamar da ba ne. Duk gidan da yake riƙe 'ya'yan mutane, wanda yake tare da su sai an koya masa taimakon gaggawa, an gwada shi ya ci. Za a turo muku sista daga asibiti. In babu wanda ya ci, sai dai a rufe."

Da ya tafi Alhaja ta kira mu biyu. Tana zaune tana jan carbi, ta ce, "Ku saurara da kyau. Na yi odar bas, sabuwa fil, ta ɗauko yara ta mayar da su. Shago kuma kaya sun yi min yawa, ina neman mai sauke kwanuka. Ɗaya zan bari a nan. Wanda ya ci, shi da yara, shi da bas, shi da akwatin magani. Ɗayan ya bi ni kasuwa."

Muna fitowa na dafa kafaɗarsa. "Bawana, ka fara neman gammo."

Ya ce, "To ubangida."

Sista ranar Asabar take zuwa. Gajeriya ce, farin takalmi, tafiya kamar ana jiranta a wani wuri. A wuyanta akwai usur na ƙarfe irin na alƙalin ƙwallo, da farar igiya. Ranar farko ta ɗaga shi ta ce, "Wannan na wanda ya ci ne." Wallahi tun daga ranar idona bai bar usur ɗin nan ba. Ina ganin kaina a ƙofar bas, ƙafa ɗaya a waje, ina busa shi a Titin Ibrahim Taiwo, 'yan unguwarmu masu zaman benci suna miƙewa su ga waye.

Ta zo da wata 'yar tsana ta roba mai girman jariri, ido ɗaya ba ya rufuwa. A kanta muka koyi komai. In yaro ya shaƙe da gyaɗa ko alewa, ka kifa shi a cinya kansa ƙasa, ka buga bayansa da tafin hannu, kada ka zura yatsa kana lalube. In zazzaɓi ya yi zafi, ka cire masa kaya ka shafa masa ruwa, ba ka lulluɓe shi da bargo ba. In ya sha kananzir, kada ka sa shi amai, asibiti kai tsaye. Wanke hannu da sabulu kafin abinci, bayan fo, kafin ka taɓa ciwo, har na ce, "Sista, hannun nan fa na gado ne, kada ya ƙare." Ta yi dariya.

Ranar da aka zo kan ƙuna, Inna ta leƙo daga madafa ta ce ita manja take shafawa, in babu ta fasa ƙwai. Sista ta ce ruwan sanyi kawai, a yi ta zubawa har zafin ya sauka. Inna ta ce, "'Yar nan, kafin a haifi uwarki nake raino." Ni kuma na ce, "Inna, manja da ƙwai, ai saura gishiri da albasa a sauke yaro." Sista ta yi dariya har da riƙe ciki, Inna ta bi ni da ludayi. Ni a lissafina duk dariyar da Sista ta yi maki ne.

Shi kuwa bawana ko murmushi ba ya yi. Tambaya kawai. "Sista, in yaron ya fi cinyata tsawo fa?" "Sista, in babu ruwan famfo, na randa ya yi?" Ya ɗauki bandeji gida, ya naɗe ƙafar akuyar gwaggo, ya kwance, ya naɗe taɓarya, ya kwance. Gwaggo ta zo gidanmu tana ƙorafi wai ta yi gyangyaɗi bayan la'asar ta farka ta ga an ɗaure mata gwiwar hannu. Shi ya haɗa wa rijiya murfi da katakon akwatin sabulu. Shi ya jera bokitan yashi a bakin madafa, ya mayar da risho can lungu, ya ɗaga kananzir sama inda ni ma sai na yi ɗage.

Sannu a hankali sai na lura da wani abu. Ni Sista dariya take min. Shi kuma "yawwa" take ce masa. Wata ƙaramar yawwa, can ƙasan maƙoshi, ba ta ko ɗago kai. Na jira tawa yawwar, shiru.

Abin da ya fi ci min rai ma ba wannan ba ne. Filasta ce. Sista ta bar mana ragowar filasta da aidin, shi yake riƙewa saboda aljihuna a huje yake. Yara suka gano. Sai ka ga yaro lafiyarsa ƙalau ya zo yana ɗingishi, yana nuna wani tabo na bara. Akwai wata 'yar ƙarama mai kitso biyu da ba ta sauka daga cinyata, ko abinci sai ni. Ran nan ina tsaka da yi mata kukan jaki ta zame ta sauka, ta tafi wurinsa da ɗan yatsa a miƙe. Ya tsuguna, ya duba yatsan nan kamar likitan Turai, ya hura, ya manna mata filasta. Ta dawo tana nuna min. Na ce, "Ya yi kyau." A raina na ce, ɗan mace, mai wanke fo.

Darasin ƙarshe shi ne gobara. Sista ta ce in wuta ta tashi, a busa usur, a fitar da kowa ta ƙofar gida ba gudu ba turereniya, a tara su ƙarƙashin darbejiya, sannan a ƙirga su.

Carbin Alhaja ya tsaya. "A ƙirga wa?"

"Yaran, Alhaja."

"A gidana? Kwano ake ƙirgawa, da awaki. Uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa buɗe baki ta ce ga yawan da ta haifa ba. In an tambaye ta sai ta ce Allah ya yi mana arziki. Balle 'ya'yan mutane, amana, ki tsayar da su a bakin titi kina nuna su da yatsa ɗaya bayan ɗaya?"

Inna, da ba su taɓa shiri da Alhaja a kan ko gishirin miya ba, ranar ta goya mata baya. "Gaskiya ne. Baki ma ya ishi mutum. Kana cewa kaza ne, mai ji ya ji."

Na zaci Sista za ta kawo Turanci. Sai ta zauna a bakin rijiya ta ce, "Ni ma kakata haka take, Alhaja. Amma wuta ba ta san wannan ba. Ban damu da ƙirge ba. Abin da nake so, in an fito, wani ya dube ni ya ce babu wanda ya saura a ciki, kuma ya zama gaskiya ne." Ta juyo kanmu. "Ku biyu, kowa ya nemo hanyarsa. Ita ce jarrabawarku. Duba-gari zai zo ya gani."

Tawa dabarar a ƙofar masallaci ta zo min ranar Juma'a, ina neman silifas ɗina a cikin na jama'a. Takalma! Dama duk yaron da ya shigo yana cire takalmi a bakin ɗaki. Na samo babban kwando, kowa ya jefa nasa ciki. In an busa usur, in ɗauki kwando in juye a gindin bishiya, kowa ya sa nasa. Takalmin da ya rasa ƙafa, mai shi yana ciki. Jarirai kuwa ɗakinsu ɗaya da Inna, ita ta san abinta. Babu ƙirge, babu nuni da yatsa. Da na yi bayani Alhaja ta riƙe haɓa ta ce, "Kan nan naka, da ka bar shi a makaranta da yanzu kai ne di'o mai mulkin gunduma." Sista ta ce, "Za mu gani." Ban so wannan za mu ganin ba, amma na ɗauke ta rabin yawwa.

Shi kuma sai na gan shi yana bin shagunan telolin Fagge yana tsintar ƙyallaye. Ragowar atamfa, shadda, leshi, abin da ake sharewa da yamma. Ya samo doguwar igiya. Kullum da safe ina ƙofa ina karɓar yara, yana tsaye a bayana kamar inuwa, duk yaron da ya ƙetare dokin ƙofa, da ƙafarsa ko a goye, sai ya ɗaura ƙyalle ɗaya a igiyar. In an zo ɗaukar yaro ya kwance. Wai in an fito kowa ya kama nasa, na jarirai Inna ta taɓa.

Na ce, "Bawana, shanya za ka buɗe ko tsafi ka fara?"

"Gwadawa nake, ubangida."

"Wannan ai takalmina ne ka sata ka mayar da shi tsumma."

"Haka ne, a wurinka na gani."

Ka ji irinsa. Ba ya ko musu balle ka ji daɗin faɗan. Kuma yaran nan marasa amana suka so abin. "Nawa ja ne!" "Nawa mai tsuntsu!" Har kuka ake yi a kan ƙyalle. Kwandona kuwa ba mai kallonsa, wa zai yi murna da takalminsa na kullum?

Ranar gwaji da hantsi duba-gari ya zo da kakinsa, Sista ta zo, Alhaja ta fasa zuwa kasuwa. Aka ce wa zai fara. Na ce, "Ana ga ubangida, bawa ya fara?" Sista ta cire usur ta rataya min. Ƙarfen da sanyi, na ji shi ta cikin singileti. Sau ɗaya ke nan a duniya da ya taɓa ƙirjina.

Na bari yara suka nutsa cikin wasa, sannan na busa. Ƙarar ta yi daɗi. Amma na ga kamar abin bai yi armashi ba, ga manyan baƙi, sai na ƙara da murya, kuma murya Allah ya ba ni: "Gobara! Wuta! Jama'a gobara!"

Ba wanda ya ce min kada in yi ihu. Kuma ba wanda ya tuna ya gaya wa maƙwabta cewa gwaji ne. Mutumin Fagge da Sabon Gari, wanda ko dai rumfarsa ta taɓa cin wuta ko ta ɗan'uwansa, ba a yi masa wasa da kalmar nan. Kafin in rufe baki teloli sun bar keke suna gudu da bokitai. Mai shayin bakin layi ya taho da tukunyarsa. 'Yan ga-ruwa ba su ko tsaya tambaya ba, suka fara watso ruwa ta saman katanga. Matan gidan baya suna salati suna miƙo kwanoni. Garwa ta farko a kan duba-gari ta sauka, sitacinsa ya koma koko. Alhaja tana ta ɗaga hannu tana cewa, "Gwaji ne! Gwaji ne, bayin Allah!" wani tela yana ce mata, "Ki yi haƙuri Alhaja, Allah zai mayar da alheri," yana watsa wa labulenta ruwa.

A cikin wannan hargitsi ni fa na yi aikina, kuma ina so a rubuta wannan. Na ɗora kwando a ka, na tayar da waƙar jirgi, kowa ya kama rigar na gabansa, muka ratsa ta tsakiyar masu bokiti muka fita. Ko yaro ɗaya bai yi kuka ba. Suna tsalle a cikin ruwa, sun zaci duk unguwar ce ta zo wasa. Inna ta fito da jarirai, ɗaya a baya, sauran a hannunta da hannun Sista. A gindin darbejiya jirgi ya yi atishawa, kowa ya zube, na juye kwando. Aka yi ta wawaso, wannan ya sa na hagu a dama, wancan ya ɗauki na wani aka ƙwace. Can ƙura ta lafa. Na duba ƙasa, babu takalmi ko ɗaya da ya rasa ƙafa.

Na buga ƙirji, usur ya yi tsalle. "Sista, babu wanda ya saura!"

Ba ta ce yawwa ba. Bayana take kallo.

Bawana yana tsaye da igiyarsa a kafaɗa. Ba layinsa ba ne, bai kira kowa ba, yaran ne da kansu suka saba, suna gama sa takalmi suka ruga kowa ya cafke ƙyallensa. Igiya ta miƙe, hannuwa a jere. Can wajen ƙarshe wani koren ƙyalle yana reto shi kaɗai.

Ya ce, "Ubangida, kore ba mai shi."

Na ce, "Kai, jira layinka."

Ya riga ya miƙa wa Inna bakin igiyar ya shige. Jama'a suka zuba wa ƙofa ido, har masu bokiti. Ba a daɗe ba ya fito da yaro a kafaɗa, yana ta barcinsa, yatsa a baki, ƙafafu tsirara suna lilo. A bayan ƙofar ɗakin ajiya ya same shi, ya haye tulin wanki ya kwanta. Ɗan wata ma'aikaciyar banki ne, yaro mai gudu kamar ɓera, kullum da ɗan takalminsa mai ƙara. Ran nan uwar ta makara, ta saɓo shi a baya ta fito, takalmi yana gida. Ni na karɓe shi a ƙofa, ni na yi masa kukan jaki, na dire shi ya ruga. To wa yake kallon ƙafar yaron da aka goyo? Takalmi bai shiga kwando ba, don haka kwando bai neme shi ba.

Alhaja ta karɓi yaron ta rungume, bakinta yana motsi, ba ta kalle ni ba. Sista ta tako ta kama farar igiyar usur ta zare ta ta saman kaina, har ta maƙale min a kunne.

Ta ce, "Da wutar gaske ce fa?"

Na ce, "Da ta gaske ce, Sista, ruwan nan da na tara ai ya isa ya kashe ta."

Teloli suka kwashe da dariya, mai shayi har da buga cinya. Duba-gari yana matse hularsa, bai yi ba. Alhaja ma ba ta yi ba. Sista kuwa, da ta saba yi min, ranar ta hana ni.

Nasa gwajin bayan azahar aka yi, da tabarmi suka ɗan sha iska. Ya bi gida gida ya gaya wa maƙwabta tukuna. Ya busa usur a hankali kamar mai jin kunyarsa, wasu yara suka tsorata suka fashe da kuka, aka fito, aka kama ƙyallaye, ya koma ya leƙa kowane ɗaki da bayan kowace ƙofa, ya dawo ya ce babu kowa. Abu ba gishiri ba magi. In a silima ne da an nemi a mayar wa mutane kuɗinsu. Sista ta ce, "Yawwa." Duba-gari ya gyaɗa kai.

Har yau ina cewa dabarata ta fi tasa kyau, uwar yaron ce ta ɓata min. Na faɗa wa Alhaja haka washegari a hanyar kasuwa. Ta ce, "Na ji. Ɗauki gammo."

Shagon kwanuka ba wurin mai baki ba ne. Ka yi wa fanteka kukan jaki, ba za ta yi dariya ba. Daga safe sai sauke katan, jera samira, goge langa, tura kura daga sito zuwa shago. Bas ta iso, ruwan ɗorawa, tana ƙamshin sabuwar leda. Na sha haɗuwa da ita a Titin Ibrahim Taiwo ina tura kaya. Yana zaune a bakin ƙofa da farar riga da Alhaja ta ɗinka masa, farin akwati a cinya, usur a ƙirji, igiyar ƙyallaye a naɗe a hannu. Ko ƙafa ɗaya ba ya fitarwa waje. Usur ɗin ma ba ya busawa. Allah na tuba, an ba mai kaza doki.

Da farko in sun hango ni sai tagogi su cika da kawuna, "Yaya! Yaya! Yi jaki!" Ni kuma in saki kura in yi musu a tsakiyar titi, masu mota suna zagina. Bayan an kwana biyu kawunan suka ragu. Sababbin yara ba su san ni ba. Ran nan bas ta tsaya a danja dab da ni, na ji muryar mai kitso biyu ta ce, "Yaya!" Na juyo da bakina a buɗe, jaki ya riga ya taho. Ashe ba da ni take ba. Yatsa take miƙa masa.

Ranar ko abincin rana ban ci ba.

Wata Asabar sai ga shi a shago. Ya gaida Alhaja, ya zo ya tsuguna kusa da ni ina goge murafai. Ya daɗe yana juya wani kofi a hannu.

"Ubangida."

"Likita bokan Turai. Ciwo ne ya kawo ka ko filasta ta ƙare?"

"Yaran ne. Duk wata sai mun yi gwajin nan, Sista ta ce. Ina busa usur suke fara kuka. Wasu har ɓuya suke yi. Ranar da ka yi, ba wanda ya yi kuka."

Na ajiye tsumma. Na ce, "Sake faɗa, kasuwa da hayaniya."

"Ranar da ka yi ba wanda ya yi kuka."

"Alhaja, kin ji?"

Daga cikin shago ta ce, "Na ji. Goge murfi."

Ya ce, "Waƙar jirgin nake so ka koya min."

Na dube shi, na dubi usur. Na ce ya ba ni in busa sau ɗaya tukuna. Ya dafe shi da hannu ya ce Sista ta ce ba a busa shi sai da dalili, kada yara su raina ƙararsa. A kasuwa, ina yaran? Amma haka ya ce, kuma bai cire hannun ba.

To na koya masa. Ba don shi ba, don mai kitso biyu da ɗan bankin nan mai barci. Muka zauna a tsakanin katan-katan ina rerawa yana bi da muryarsa kamar ana jan tebur, masu sayen kwano suna tsayawa kallo. Na koya masa yadda jirgi yake tashi, da kama rigar na gaba, da inda ake rage gudu a bakin ƙofa don kada a yi turereniya. Ya maimaita har ya riƙe.

Ya ce, "Shi ke nan? Kamar akwai wani abu a ƙarshe, da suke zubewa."

Na ce, "Wannan santsi ne ya kwashe su ranar. Ba ka ga ruwa ba?"

Ya kalle ni, sannan ya ce, "To ubangida, na gode." Ya miƙe ya tafi yana maimaitawa a hankali, usur yana lilo a ƙirjinsa. An ce kukan ya ragu, yanzu suna fita a layi ba mai ɓuya. Amma jirginsa har ya bar gidan nan bai taɓa yin atishawa ba.